Sallar Gawar Baffa Liman

Wannan babin ban yi niyyar rubuta shi ba, ku kuka tilasta mini. A wurin sunan 'yar ɗan'uwanku Kabiru na ji da kunnena, ba wani ne ya kawo mini ba, ɗaya daga cikinku yana ce wa jikan Malam Sa'idu wai limancin Rafin Kanya na gidanmu ne, su suka ƙwace. Na yi shiru saboda baƙi, amma wallahi tuwon ranar bai wuce mini ba. Wa ya ƙwace? A hannun wa? Ga ni nan da raina ban mutu ba tukuna, har kun fara raba mini tarihi. To ku natsu ku ji yadda aka yi daga bakin mai abin, in ya so bayan raina ku ƙara gishirin da kuka ga dama.

Gidanmu, kamar yadda kuka sani, shi ke riƙe da dagacin Rafin Kanya, can yamma da Badafi a ƙasar Kiru. Abin da ba ku sani ba, don ya ƙare kafin a haife ku, shi ne yadda ake yin liman a garin. Tun kakan kakanmu, babban ɗa shi ke gadon rawanin dagaci, na biyu kuwa liman ne tun yana zanen goyo. Da an yaye shi sai a ɗauke shi a kai gidan liman mai ci, wanda dama ƙanen ubansa ne, can zai tashi, can zai yi karatu, ranar da liman ya rasu kuma shi zai shiga gaba ya sallaci gawar. Wannan sallar ita ce naɗin, babu wani taro bayanta. Duk wanda ya yi wa gawar liman kabbara ya zama liman, ko hakimi ba ya tayar da maganar. 'Ya'yan da liman ya haifa na cikinsa ba su da rabo. Sukan jira a yi sadakar arba'in, su ɗaure littattafansu a gafaka, su nemi wani gari. Shi ya sa in kuka shiga Tudun Wada ko ƙauyukan Doguwa za ku yi ta cin karo da malamai masu irin dogon hancinmu, duk jikokin limaman Rafin Kanya ne da gida ya tura waje.

Ni ne na biyu a wurin mahaifinmu, Yaya Garba ne babba. Aka kai ni gidan Baffa Liman, matarsa Inna Hajo ba ta daɗe da yaye ɗanta Sa'idu ba, sai ta haɗa mu. Akushi ɗaya, tabarma ɗaya, in na yi ɓarna mu biyu ake zanewa, kuma ni ke yin ɓarnar kullum. Har na yi wayo ban san ba ita ta haife ni ba. Kada wani ya gaya muku wai ban yi karatu ba ne ya sa na rasa limanci. Na sauke, na karanta littattafan fiƙihu daidai gwargwado, in aka tsayar da ni gaba zan ja salla ba gyara. Bambancin kawai, ni ina karatu ne don an ce in yi, Sa'idu kuwa sai an ƙwace littafin daga hannunsa yake tuna bai ci abinci ba. Ya san sarai ba shi zai gaji ubansa ba, bai taɓa nuna mini a fuska ba, har shi ke yi mini tilawar abin da na manta kafin Baffa ya tambaye ni.

Da mahaifinmu ya rasu aka naɗa Yaya Garba. Mutum ne mai zafi, mai kyauta, in ya so ka har rigarsa sai ya tuɓe maka, in ya juya maka baya kuwa sai ka ce bangon zaure. Ni yana sona ƙwarai. In na je gaishe shi yakan kama kafaɗata ya girgiza.

"Malam ƙarami, ni rawani kai sandar liman. In Allah ya kai mu, garin nan ba mai jin kanmu."

Nakan yi dariya in ce Allah ya ja zamanin Yaya. A raina kuwa ban taɓa zama na auna maganar ba.

Shekarar da nake ba ku labari tana cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin, ban daɗe da auren mahaifiyarku ba. A lokacin kurkunu ya addabi ƙasarmu. Ruwan kududdufi muke sha mu da shanu, da damina ta faɗi sai ka ga ƙato a kwance da tsutsa a ƙafa ana naɗe ta a tsinke, gonarsa tana cin ciyawa. Da rani sai hukuma ta turo masu haƙa rijiyar siminti wani ƙauyen kasuwa kusa da mu, aka ce kowane dagaci ya ba da majiya ƙarfi. Yaya ya ce in ja mutanenmu, wai in fara koyon riƙe jama'a. Shugaban aikin wani dattijon Bature ne, Bajamushe, dogo har ya ranƙwafa, ba ya rabo da lofe a baki ko da babu taba a ciki, muka sa masa Mai Lofe. Yana jin Hausa irin ta wanda ya koya a bakin leburori, mace ya ce shi, namiji ya ce ita, amma ana ganewa. Ni kuwa tun ranar da na leƙa ramin nan na ga yadda ake zuba siminti a kewaye ana sauka, aikin ya shiga raina. Aka aiko ni in tsaya a kan mutane, sai ga ni a ƙasa da diga.

Wata rana muna hutun azahar a gindin wata kanya, Mai Lofe ya ga mutanenmu suna ce mini Malam suna ba ni gaba a salla, ga ni kuma laka har kunne. Ya tambaye ni dalili, na warware masa yadda gidanmu yake. Mutumin nan ya cire lofe ya yi ta dariya har da tari. Raina ya ɓaci, na ce masa me ye abin dariya a gidan mutane?

"Ba kai nake wa dariya ba, Mamuda. Gidanmu ne ka faɗa. Kakannina, tun zamanin da ake yaƙi da takobi, masu sarauta ne a ƙasarmu. Babban ɗa ya gaji gidan dutse a kan tudu da gonaki da talakawa. Na biyu tun yana yaro a kai shi babban coci, a aske masa tsakar kai, ya girma ya zama bishop, wato babban limamin Kirista. Kuma kada ka ɗauka mai addu'a ne kawai, yana da ƙasa, yana da dakaru, yana yanke hukunci."

Na ce to in ya mutu ɗansa ya gada ke nan.

"Ba sa aure. Ɗan wansa ke hawa. Wai zaɓe ake yi, amma masu zaɓen rabinsu 'yan'uwa ne, rabin surukai, don 'yan matan gidan ma an aurar da su gidajen sarautar maƙwabta. Daga baffa zuwa ɗan wa, daga baffa zuwa ɗan wa, shekaru ɗaruruwa."

Na ce ashe ku ma kun san abin da ya dace. Na tsaya kai da fata ina kare al'adarmu, na ce haka ne ke sa gari ya zauna lafiya, sarki da malami ba sa ja-in-ja. Ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, sun zauna lafiya sosai, su. Sai dai in sarki ya danne talaka, talakan ya ruga wurin bishop da kuka, yakan tarar da ƙanen sarki ne a zaune. Na tambaye shi to shi na nawa ne a gidansu. Ya ce na uku, ba tudu ba coci, shi ya sa yake haƙa rami a ƙasar Kano. Muka yi dariya, aka koma aiki.

Ban ce maganar Bature ce ta juya ni ba, kada ku je kuna faɗin haka. Abin da ta yi, ta tono mini wani abu da na gani da idona na binne. Damina biyu kafin nan mutanen Yaya sun shuka dawa a kan burtalin da Fulanin rugar Arɗo Buba ke bi da shanu zuwa rafi. Arɗo ya zo zauren Baffa Liman, dattijo da furfura, ya tsuguna ya ce Malam ya yi wa dagaci magana don Allah. Baffa ya san Arɗo ke da gaskiya, ni ma na sani. Ya sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri. Da Arɗo ya fita na ga Baffa yana share ido da bakin rawani. Ɗan wansa ne dagacin, gonar da yake ci ta gidan ce, da wane baki zai yi magana? Tun daga ranar kanyar nan nake tambayar kaina, in ni ne a kan buzun liman, Yaya Garba ne a gabana, zan iya? Na san amsar. Mutumin da tun ina yaro in ya daka mini tsawa nake rasa inda zan sa kaina.

Da bazara, ana jiran ruwan shuka, ciwon Baffa ya tashi, Allah ya karɓi abinsa da hantsi. Na shiga cikin gida na tarar da Inna Hajo a zaune a ƙofar ɗaki, ba ta kuka, tana ta murza bakin zanenta. Na durƙusa. Ba ta roƙe ni komai ba, ku rubuta wannan ku ajiye, har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa in bar wa ɗanta ba.

"Mamuda, ka yi wa babanku salla mai kyau, kada muryarka ta yi rawa. Sa'idu ya ce bayan arba'in zai tafi Doguwa wurin kawunsa. Ni ina nan tare da kai, ai duk ɗaya ne."

Duk ɗaya ne! Ta faɗa tana kallon ƙasa.

Aka fito da makara aka ajiye a filin ƙofar masallaci. Garin kaf ya fito, har Fulanin ruga da mutanen Badafi. Aka daidaita sahu. Yaya Garba yana dama da ni, Sa'idu yana hagu. Yaya ya miƙo mini sandar Baffa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Malam Mamuda, bismilla."

Na karɓi sandar, na taka na fita daga sahu. Ina ganin likkafanin, ina jin numfashin Sa'idu a bayana, irin na mai danne kuka. Mutumin da ke kwance ya raine ni kamar ɗansa, amma ga wanda ya haifa a tsaye a baya, zai bi ni salla a kan gawar ubansa, sannan ya ɗauki gafaka ya bar garin. Kuma ya fi ni son abin, ya fi ni iya faɗa wa Yaya a'a. Ban shirya ba, ban yi shawara da kowa ba, ko mahaifiyarku ba ta sani ba. Na juya na kama hannun Sa'idu na jawo shi, na danƙa masa sandar.

"Mahaifinka ne. Shiga."

Ya zaro ido yana ƙoƙarin janye hannu, yana cewa Mamuda ka yi hankali, Mamuda me kake yi. Na koma gurbinsa na tsaya na ɗaga hannuwa kamar mai jiran kabbara. Gawa tana rana, ba a jayayya a kanta. Wani tsoho a baya ya ce a yi salla jama'a, a yi salla. Sa'idu ya yi kabbara da murya mai rawa, sahu ya amsa. Yaya yana da zaɓi biyu, ko ya bi ko ya fasa sahu a jana'izar baffansa a gaban duniya. Ya bi.

Aka kai Baffa makwancinsa. Sai da aka dawo Yaya ya sa aka kira ni zaure, ya kori kowa.

"Abin da kakanni suka ɗaura, kai ne za ka kwance? A gaban talakawana? Da ka zo ka same ni ka ce ba ka so, da na ji zafi amma da mun san yadda muka yi. Sai ka ɗaure ni da salla kamar akuya!"

Na ce Yaya ka yi haƙuri, da na zo da ba ka bari ba. Na ce Sa'idu ma jininmu ne, kakanmu ɗaya.

"Tashi ka ba ni wuri. Daga yau ba ni da ƙane."

Kun ji kuɗin da na biya. Limanci dai ya zauna wa Sa'idu, don al'adar da Yaya ke taƙama da ita ita ce ta ɗaure shi, hakimi ma da aka kai masa cewa ya yi ai an riga an yi salla. Amma gonar limanci ta bi sanda, rabona na gandu kuma Yaya ya hana, ni kuwa ba zan kai wana ƙara ba. Sa'idu ya zo yana kuka wai mu raba gonar, na ce in ya ƙara wannan maganar sai na mare shi kamar yadda muke yi muna yara. Na je na sami Mai Lofe na ce ya ɗauke ni aiki. Ya dube ni ya dube ni, ya ce shi fa hira ya yi mini, bai ce in rushe gidanmu ba. Na ce ba ruwanka, ba ni diga. Mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, da na gaya mata cewa ta yi dama ita ba ta ga matar liman a jikinta ba, surutunta ya yi yawa. Ta ɗaure tukwanenta muka bi ayarin masu rijiya, Bebeji, Tudun Wada, har gindin duwatsun Doguwa. Mun kwana a bukkar kara, mun sha kunu ba tsami ba zaƙi. Wannan duk bai dame ni ba. Abin da ya ci mini rai, da aka haifi babbar yayarku a Tudun Wada na aika gida, Sa'idu da Inna Hajo suka zo a kan jaki, Yaya ko goro bai aiko ba. Shi ya kamata ya zaɓa mata suna. Ranar na zaga bayan bukka na yi kuka kamar yaro.

Labarin gida yana iso mini a bakin fatake. Yaya ya daina zuwa masallaci, a zaurensa yake salla da yaransa, in zai ambaci Sa'idu sai ya ce yaron nan. Sa'idu kuwa kullum da safe sai ya je ya durƙusa ya gaishe shi, a amsa ko kada a amsa. Da damina ta zagayo, mutanen Yaya suka sake nufar burtali da iri, Sa'idu ya je zaure ya ce Yaya wannan ba halal ba ne, ya faɗa a tausashe, ya maimaita washegari. Yaya ya yi faɗa har ana ji a kasuwa, amma ba a shuka ba. Fulanin da suka fara shirin ƙaura suka fasa. Ni dai da na ji wannan, na ci tuwo na ƙara. Saboda haka duk wanda ya ƙara cewa an ƙwace mana wani abu, ya zo ya faɗa a gabana. Da hannuna na ba da, ina cikin hankalina, kuma in aka mayar da ni filin nan gobe hannun Sa'idu zan sake kamawa.

Bayan wasu shekaru, Mai Lofe ya tsufa ya koma ƙasarsu, aka ba ni riƙon ayarin, sai ga aiki ya zo kan Rafin Kanya. Na shiga garinmu kamar baƙo, na sauka gidan Sa'idu. Na je gaishe da dagaci kamar yadda kowane shugaban aiki ke yi, ya amsa wa bango, ya ce a ba su abin da suke bukata. Muka fara haƙa a bakin kasuwa. Ƙasar wurin mai yashi ce, ba ta da amana. Mun yi nisa sosai, rannan ina ƙasa sai gefe guda ya zubo, ya rufe ni har ƙirji. Aka jawo ni ba abin da ya same ni sai ƙujewa, amma kafin in fito labari ya riga ya kai zaure cewa rijiya ta rufta da Mamuda. An ce Yaya ya fito da gudu ba takalmi, da ya hango ni a zaune ina tofar da yashi sai ya juya ya koma. Ni ban gan shi ba.

A aikinmu, mai sauka shi ke zaɓar wanda zai riƙe masa igiya, kuma ba a sauya masa, don ransa ne a hannun mutumin. Ni kullum Ɗan'azumi ne nawa, wani ƙaƙƙarfan Bakano da muka daɗe tare. Washegari muka gyara gefen da ya zube, na ɗaura igiya a ƙugu na sauka. Wajen azahar na kafa diga sai na ji ƙasa ta yi sanyi, na ƙara, sai ga ruwa yana tsattsafowa ta tsakanin yatsun ƙafata, fari tas. Na ɗiba a tafi na sha, na yi kabbara, na ji sama ta ɗauka, mata suna guɗa. Na girgiza igiya aka fara ja. Sai na ji jan ba irin na Ɗan'azumi ba ne, ana fizga ana tsayawa, har ina buguwa da bango. Na ɗaga kai ina masifa, ina cewa Ɗan'azumi yau me ka sha, so kake ka ƙarasa abin da yashi ya fara?

Da kaina ya fito sai na ga Yaya Garba. Ya tuɓe babbar riga ya yar a ƙasa, rawani ya warware ya zubo masa a wuya, ya kafa ƙafa a bakin rijiya, igiya ta yanke masa tafin hannu har jini. Ɗan'azumi yana bayansa riƙe da wutsiyar igiyar, yana ta rantse-rantse.

"Wallahi maigida na hana, na ce ba a sauyawa. Ya ce in matsa, ƙanensa ne a ciki."

Na fito na durƙusa a cikin laka. Yaya yana haki, ya ƙi kallona, yana duban tafin hannunsa. Can ladan ya kira salla. Ya ɗauki rigarsa ya kakkaɓe, ya ɗan taɓa ni da ƙafa.

"Kai kuma ka yi nauyi kamar buhun gero. Tashi ka wanke wannan lakar mu tafi masallaci, kada mu sa Liman jira."